Darasi na Bakwai: Yadda Ruwa Ke Shiga Man da Aka Ajiye

Manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Ajiwa da masu injin niƙa a birnin Katsina sukan sayi fetur ko dizal su ajiye a jarka ko duro domin gudun tsada. Sau da yawa idan an tashi amfani da shi sai a tarar ya yi hazo-hazo, nan da nan kuma a ɗora laifin a kan mai sayarwa, alhali kuwa galibi a gida ruwan ya shiga.

Babbar hanyarsa ita ce zufar da duro ke yi daga ciki. Idan man bai kai rabi ba, iska ce ke cike sauran wurin, iskar damina kuwa, musamman ta watan Agusta, tana ɗauke da laima mai yawa. Da rana ƙarfen ya ɗauki zafi, da dare ya huce, sai laimar ta zama raɓa a jikin bangon duron, ta gangara cikin man. Haka za ta riƙa taruwa kaɗan-kaɗan ko da ɗigon ruwan sama bai taɓa duron ba. Murfin da bai rufu sosai ba, da jarkar da aka wanke ba a bari ta bushe ba, su ma suna kawo nasu.

Ruwa ya fi mai nauyi, domin litarsa kilo 1 ce, ta dizal kuwa ba ta kai giram 900 ba, saboda haka a ƙasa yake kwanciya. Idan aka jijjiga duron sai ya watse ya zama ƙananan ɗigo, wanda shi ne hazon da ake gani. A dizal ɓarnar ta fi yawa, domin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna hayayyafa a inda ruwa da mai suka haɗu, su bar baƙar dauɗa mai yauƙi da ke toshe filta, tsatsa kuma ta ci gindin duron.

Kafin ku zuba mai a inji, ku ɗebo kaɗan daga can ƙasa ku sa a farar kwalba, ku ajiye ta nesa da wuta har ya lafa. Idan kun ga wani layi ya raba shi biyu, na ƙasan ruwa ne, sai a tsiyaye man a hankali zuwa busasshiyar jarka a bar gindin. Duron kuma a riƙa cika shi, a ɗaure murfinsa, a ɗora shi a kan katako a cikin inuwa.