Yadda za a gyara ɗakin mai ciwon asma da kuɗi kaɗan

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wata unguwa a cikin birnin Kano. Idan aka yawaita kawo mana mai asma cikin dare, gidansu nake bi in duba, domin sau da yawa ɗakin da yake kwana ne ke tayar masa da ciwon.

Ku fara da rufi. Kafin damina ta kankama, a sa kafinta ya hau ya toshe ramukan ƙusa, ya sauya kwanon da tsatsa ta cinye. Yoyon nan ne ke kawo fumfuna, baƙin tabon da ke fitowa a silin ko a bayan gado. A fitar da mai ciwon, a kankare wurin, a wanke da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Wanda ya shafa fenti a kan laima ya zubar da kuɗinsa. Tsagar bango kuwa a cike ta da siminti, don nan kyankyasai ke ɓuya, kuma kashinsu na tayar da asma. Tsohon kafet a naɗe shi, ledar ƙasa ta fi sauƙin gogewa.

Hayaƙi ya fi komai damuna. A janye murhu da janareto daga bakin taga. Maganin sauro mai hayaƙi a bar shi, a ɗaura gidan sauro. Na san ɗakin mace sai da turaren wuta, amma don Allah kada a kunna shi inda yaro mai asma ke barci. Da hunturu a yayyafa ruwa kafin shara.

A ranar gyaran nake koya wa uwa amfani da abin shaƙa, wato maganin asma da ake fesawa a baki. Shuɗin, wato Ventolin, na lokacin da numfashi ya toshe ne. Idan likita ya rubuta na rigakafi, kullum ake shaƙarsa ko da ana jin sauƙi. Yaro bai iya haɗa fesawa da jan numfashi ba, saboda haka a sami wankakkiyar robar ruwa mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a girgiza abin shaƙar, a sa bakinsa cikin hudar, a fesa sau ɗaya, yaron ya ja numfashi ta bakin robar kamar sau biyar.

Idan ya kasa ƙarasa magana, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, a garzaya asibiti, ba sai gari ya waye ba. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a je a gwada majina, ko tarin fuka ne, wato tibi. Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati.