Yadda Ake Amfani da Murhu Mai Haɗa Gas da Lantarki da Yadda Ake Kula da Shi

Murhun da ake magana a kansa a nan shi ne wanda samansa ke aiki da iskar gas, cikinsa kuma, wato tanderun gashi da aka fi sani da obin, yake aiki da wutar lantarki. A ido abu ɗaya ne, amma a haƙiƙa na'urori biyu ne aka haɗa a jiki ɗaya, kuma kowace da irin halinta. Gas yana amsawa nan take: da an murɗa makunni wuta za ta ƙaru ko ta ragu, mai girki yana kallo da idonsa. Lantarki kuwa yana da nawa wajen ɗaukar zafi da wajen hucewa, sai dai idan ya kai inda aka saita shi yakan tsaya a nan, kuma zafinsa busasshe ne, saɓanin na gas wanda ke fitar da tururin ruwa yayin da yake ci. Wannan ne ya sa masu gasa biredi da kek suka fi son obin na lantarki, masu suya da dahuwa a tukunya kuma suka fi son harshen wutar gas. Wanda ya riƙe wannan bambanci a ransa zai ji daɗin murhun shekara da shekaru, domin yawancin matsalolinsa daga yi wa ɓangarorin biyu riƙo iri ɗaya suke tasowa.

Kulawa tana farawa tun daga ranar da aka kawo shi, kuma a ganina haɗa irin wannan murhu ba aikin da mutum zai ce bari ya gwada da kansa ba ne. Abu na farko da ƙwararren mai aikin gas zai duba shi ne irin gas ɗin da aka saita murhun a kai. Akwai gas ɗin da ake turowa gidaje ta bututu, wanda a ƙasashe da yawa ƙarfin turinsa yake kusan miliba 20 (miliba ma'aunin ƙarfin turin gas ne), akwai kuma wanda ake ɗurawa a tukunyar gas, mai iri biyu, butan da furofen, wanda yake kaiwa miliba 28 zuwa 30 idan butan ne, ko 37 idan furofen ne. A ƙarƙashin kowane kai na murhun, wato wurin da wuta ke tashi, akwai ɗan ƙaramin bututun tagulla mai huda kamar ta allura, ta nan gas ke fitowa, kuma hudar na gas ɗin tukunya ta fi ta na bututu ƙanƙanta. Idan aka jona tukunyar gas a murhun da ke ɗauke da hudar gas ɗin bututu, wuta za ta tashi doguwa, ruwan ɗorawa, tana baƙanta gindin tukwane, kuma hakan haɗari ne. Yawancin kamfanoni suna sako waɗannan ƙananan bututai na canji a cikin leda tare da takardar bayani, don haka kada a jefar da ledar tare da kwali.

Ɓangaren lantarki shi ma yana son nasa gwanin. Obin guda ɗaya yakan ja kilowat 2 zuwa 3, wanda a wuta mai bolt 230 yana iya kaiwa kusan amfiya 13 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne), iyakar abin da soket na yau da kullum ke ɗauka ke nan a wurare da dama. Manyan murahu masu faɗin santimita 90 zuwa 110, waɗanda ke da obin biyu da wurin gashi na sama, sau da yawa sai an ja musu layinsu daban da waya mai kauri da na'urar yanke wuta mai amfiya 32. Kada a jona murhu a doguwar wayar ƙari da ake raba wa wasu kayan, kuma lallai a tabbatar an haɗa wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, tunda jikin murhun ƙarfe ne kuma hannun mai girki ba ya rabuwa da danshi. A daidaita ƙafafunsa har ya zauna daram, a ɗaura sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe shi da bango don kada ya kife idan yaro ya hau ƙofar obin a buɗe, sannan a bar tazarar da kamfani ya faɗa tsakanin saman murhu da na'urar zuƙe hayaƙi, wadda galibi takan kai santimita 75. Kafin gashin farko, a cire duk leda da takarda, a buɗe taga, a kunna obin babu komai a ciki a kan zafi mafi ƙarfi na minti 30 zuwa awa ɗaya, domin maiƙon masana'anta ya ƙone, ƙaurinsa ya fita.

Wajen kunna kan gas, ana danna makunni ciki, a murɗa shi zuwa alamar babbar wuta, a ji ƙarar tartsatsi yana ƙyas-ƙyas har wuta ta kama. A murahu da yawa, idan aka duba gefen kan da kyau za a ga ƴan tsinkaye biyu a tsaye. Ɗaya fari ne mai jikin tangaran, shi ne ke ba da tartsatsi. Ɗayan na ƙarfe ne mai ɗan tsini, aikinsa shi ne jin zafin wuta. Muddin yana jin zafi zai bar gas ya ci gaba da fitowa, idan kuwa iska ko ruwan da ya zubo ya kashe wutar, sai ya huce ya rufe hanyar gas da kansa. Saboda shi ne ake ci gaba da danne makunni na ƴan daƙiƙoƙi bayan wuta ta kama, kuma wanda ya saki da wuri zai ga wutar ta mutu ya zaci murhun ne ya lalace. Idan aka kai daƙiƙa 15 wuta ba ta kama ba, a saki, a mayar da makunni wurin kashewa, a jira aƙalla minti ɗaya gas ɗin da ya taru ya watse kafin a sake gwadawa. Ranar da aka ɗauke wutar lantarki, tartsatsi ba zai yi aiki ba, amma a mafi yawan murahu ana iya kunna saman da ashana, a fara ƙyasta ashanar tukuna sannan a murɗa makunni.

Harshen wuta shi ne bakin da gas ke magana da shi, kuma ya kamata mai girki ya saba da kallonsa. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, gajera, ta zagaye kan daidai ba tare da giɓi ba. Wutar da ta koma ruwan ɗorawa, tana lilo, tana barin baƙi a gindin tukunya, alama ce ta gas ɗin da ba ya ƙonewa sosai, kuma irin wannan ƙonewa ce ke haifar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana kuma iya kisa a ɗakin da ke rufe. Don haka a riƙa girki da taga a buɗe ko na'urar zuƙe hayaƙi a kunne, kada a taɓa kunna kawunan gas don ɗumama ɗaki, kuma na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iska ta cancanci wuri a kowane ɗakin girki mai gas. A dace da girman tukunya da girman kai: ƙaramin kai ƙarfinsa kusan kilowat 1 ne, babba kusan 3, kuma duk wutar da ta leƙo ta gefen tukunya asarar gas ce, ga ƙona mariƙi. Idan mai ya kama da wuta a kasko, a kashe gas, a rufe kaskon da murfi, kada a kuskura a watsa ruwa.

Warin da ake ji idan gas ya zuba da gangan ake sa shi, domin gas ɗin kansa ba ya wari. Da zarar an ji shi, a rufe gas daga tushe, a buɗe ƙofofi da tagogi, a kashe duk wata wuta mai ci, kada kuma a taɓa kowane makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, balle maɓallin tartsatsin murhun kansa. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu da ƙarƙashin kabad, shi ya sa ake ajiye tukunyar a tsaye a wuri mai iska, nesa da zafin obin. Hanyar gano inda yake zuba mai sauƙi ce: a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa a mahaɗar tiyo da regileta, a tsaya a zuba ido. Inda akwai yoyo za a ga ƙwayar kumfa tana kumbura a hankali har ta fashe, wata ta biyo bayanta. Tiyon roba yana tsufa ko da ba a ga tsagewa ba, ana buga shekarar da aka yi shi a jikinsa, kuma shawarar da aka fi bayarwa ita ce a canza shi duk bayan shekara 5, a kuma kiyaye kada ya jingina da bayan obin inda zafi ke fita.

Obin na lantarki haƙuri yake so. A ba shi minti 10 zuwa 15 ya ɗauki zafi, har fitilar da ke nuna yana ɗumama ta mutu, kafin a sa kek ko biredi. Idan ana amfani da fankar da ke juya zafi a ciki, a rage digiri 20 na ma'aunin Celsius daga abin da aka rubuta don obin marar fanka, wato inda aka ce 180 a sa 160, in ba haka ba waje zai yi duhu ciki bai nuna ba. Fanka tana ba da damar gasa tire biyu ko uku a lokaci ɗaya, amma kek guda ɗaya mai laushi ya fi kyau da zafin sama da ƙasa, ba tare da fanka ba, a kantar tsakiya. Yawan buɗe ƙofa yana zubar da zafi, gara a leƙa ta gilashi. Abubuwa biyu kan tsorata sabon mai murhu alhali ba lalacewa ba ne: ƙarar fankar sanyaya jiki da ke ci gaba da juyawa bayan an kashe obin, da kuma obin da ya ƙi kunnuwa bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, wanda a yawancin murahu agogonsa ne kawai ke jiran a sake saita shi.

Akwai kuskure ɗaya da nake so a kiyaye ƙwarai, domin mai yinsa yana ganin tsafta yake yi: shimfiɗa takardar alminiyom a daɓen obin don ta tare maiƙo. A ƙarƙashin daɓen akwai ƙarfen da ke ba da zafi, takardar kuma tana hana zafin tashi, sai ya taru har ya fasa shafen da ke jikin daɓen, wani lokaci ma takardar ta narke ta manne yadda ba za ta sake fita ba. Idan ana tsoron ɗiga, a sa tire a kantar ƙasa.

Tsaftar saman murhu ita ce ta kullum. A ce madara ta tafasa ta zubo a kan wuta: washegari za a ga wutar ta kama gefe ɗaya ta bar ɗaya, ko tartsatsi ya yi ta ƙyas-ƙyas ba ya tsayawa. Bayan komai ya huce, a ɗage ƙarafan ɗora tukunya, a cire baƙar hular kan da zoben da ke ƙarƙashinta, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a bi ƴan tsagogin zoben da tsohon buroshin haƙori har su buɗe. A goge tsinkayen nan biyu a hankali, domin farin tangaran ɗin yana saurin fashewa. Kada a soka allura ko waya a hudar tagullar da nufin buɗe ta, tunda faɗaɗa ta ko da ƙanƙani yana ɓata ma'aunin gas da iska. Sai komai ya bushe sarai za a mayar, kuma a tabbatar hular ta zauna daidai ba ta karkace ba. Ƙarafan ɗora tukunya idan na baƙin ƙarfe ne a tsane su nan da nan saboda tsatsa. Ruwan tumatir da na lemun tsami da narkakken sukari suna cin shafen murhu idan suka kwana, gara a share su da wuri.

Cikin obin kuwa ya danganta da irin bangonsa. Mai santsi ana shafa masa bekin soda da aka dama da ruwa, a bar shi ya kwana, a goge da tsumma mai danshi. Mai kaushi kamar bayan tukunyar ƙasa yana cinye maiƙo da kansa idan zafi ya haura digiri 200, kuma soson ƙarfe ko maganin wanke obin yana kashe masa wannan aiki gaba ɗaya. Akwai kuma wanda ke ƙona dattinsa a zafin da ya kusa digiri 500 har ya zama toka, ƙofarsa tana kulle kanta na awa biyu zuwa uku. Kafin a kunna wannan sai an fitar da kantoci, an kwashe maiƙon da ya taru, an buɗe taga. Ko wane iri ne, a yanke wutar murhun daga bango kafin a sa hannu da ruwa, kada a kwarara ruwa a ciki, kada a yi amfani da na'urar wanki mai feshin tururi, kada kuma a kankare gilashin ƙofa da wuƙa, domin ƙaramin karce yana iya sa ya tarwatse ranar da ya ɗauki zafi.

Robar da ta zagaye bakin ƙofa a riƙa goge ta da ruwan ɗumi kawai. Idan ana shakkar ta, a maƙale takarda a bakin ƙofa a rufe, a ja. Idan ta zame ba tare da turjiya ba, robar ta saki, zafi yana tserewa, kuma shi ne ke sa makunnai su yi zafi gashi ya ƙi yin daidai. Ƙwan fitilar ciki na musamman ne mai jure digiri 300, mai gida yana iya canza shi da kansa bayan ya yanke wuta. Amma idan na'urar yanke wuta tana faɗuwa duk lokacin da aka kunna obin, ko fanka tana juyawa zafi ba ya zuwa, ko wuta ta ci gaba da zama ruwan ɗorawa bayan an wanke kan an busar, ko makunnin gas ya yi tauri, to a daina amfani da wannan ɓangaren a kira ƙwararre, wanda dama ya kamata ya zo sau ɗaya a shekara ya duba mahaɗan gas, regileta da wayoyin da ke bayan murhun.