Yadda Za Ka Karanci Tarihi da Darasin Gwamnati Ba Tare da Haddar Aku Ba

Duk shekara da zarar an fara rajistar WAEC da NECO, tambaya ɗaya nake sha daga yaran da ke zuwa darasin yamma a zauren da nake koyarwa a Tudun Wada: "Malam, shekarun nan duk sai mun haddace su?" Mai tambayar yakan ɗago littafinsa ya nuna mini shafi cike da lambobi, 1914, 1922, 1946, 1951, an jera su kamar lissafin bashi a kantin mai shayi. Amsata ita ce wasu dole ka riƙe su, amma ba da su ake farawa ba. Ga hanyar da nake bi da su, kuma ɗan Zariya ya fi kowa samun sauƙinta, don rabin manhajar tana nan cikin garinsa.

Fara da tambayoyi uku

Kafin ka buɗe kowane babi, rubuta tambayoyi uku a bangon littafinka. Wa ke riƙe da iko? Daga ina ya samo shi? Wa zai iya taka masa birki? Ko daular Usmaniyya ta Sakkwato kake karantawa, ko mulkin Turawa, ko na soja, ko na farar hula, waɗannan ukun su ne ƙashin bayan babin. Sauran bayani nama ne da ake ɗorawa a kai.

Gwada su da Zazzau. Bayan jihadin da ya fara a 1804, Malam Musa ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci birnin Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. To, wa ke da iko? Sarki. Daga ina ya samo shi? Daga Sakkwato, domin can ake tabbatar da naɗi, can kuma ake kai gaisuwa. Wa ke taka masa birki? Shari'a, da Sarkin Musulmi ta hannun Waziri, da manyan fada, sannan ga gidajen sarauta huɗu da ke sa wa juna ido: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Yanzu matsa gaba zuwa bayan 1902, lokacin da Turawa suka shigo Zariya. Sarki yana nan a fadarsa, alƙali yana nan, hakimai da dagatai suna karɓar haraji da jangali. Amma amsar tambaya ta biyu da ta uku ta sauya, sandar girma daga hannun Gwamna take fitowa, Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, shi ke duba baitulmali, kuma su ne suka cire Sarki Kwasau, daga baya suka cire Aliyu Ɗansidi, duka biyun aka kai su Lakwaja. Idan ka gane wannan, ka gane abin da littafinka ke kira mulki ta hannun sarakuna, ka kuma gane dalilin da ya sa tsarin ya zauna a Arewa fiye da ƙasar Ibo: a nan Gwamna Lugga (Lugard) ya tarar da sarki, da kotu, da haraji, da rubutu, sai kawai ya hau kai. A can kuwa sai da suka ƙirƙiri sarakunan takarda, abin da ya taimaka wajen jawo boren matan Aba a 1929.

Ka kafa turaku, sannan ka ɗaure shekaru

Samo takarda mai faɗi, ko bayan tsohuwar kalanda, ka ja layi ɗaya daga hagu zuwa dama, ka manna a bango inda kake kwana. Turaku shida kawai za ka kafa da farko: 1804 jihadi, 1903 faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Turawa, 1914 haɗe Kudu da Arewa, 1960 'yancin kai, 1966 juyin mulkin farko, 1999 dawowar farar hula. Duk wata shekara da ka ci karo da ita daga baya, ka tambayi kanka tsakanin waɗanne turaku take, ka rataye ta a wurin da fensir.

Inda yara suka fi rikicewa shi ne tsare-tsaren mulkin zamanin Turawa, saboda sunayen sun yi kama da juna a kunne. Ka ba kowanne aiki ɗaya tak da za ka riƙa tuna shi da shi. Na Clifford, 1922, shi ya kawo zaɓe, kujeru huɗu kacal, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma majalisar ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne ke yi da kansa. Na Richards, 1946, shi ya shigo da Arewa cikin majalisar ƙasa, ya kuma kafa majalisun yankuna uku. Na Macpherson, 1951, an tuntuɓi jama'a kafin a rubuta shi, 'yan ƙasa suka fara zama ministoci. Na Lyttelton, 1954, shi ne mafarin tarayya ta sosai, yankuna suka sami ikon kansu. Zaɓe, yankuna, ministoci, tarayya. Kalmomi huɗu ke nan, kuma a jere suke kamar matakalar bene, kowace tana miƙa wa 'yan ƙasa ɗan ƙarin iko.

Ƙirƙirar jihohi ma kada ka haddace ta a iska, bi ta kan adireshin gidanku. Kakanka ɗan Lardin Zazzau ne a Jihar Arewa. A 1967 Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya yi jihohi 12, muka faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 Murtala ya mai da su 19, sunan ya koma Jihar Kaduna. A 1987 aka cire Katsina daga cikinmu. Ragowar, 1991 da 1996, su suka kai adadin 36.

Rufe littafin ka fita

Wannan matakin ne na fi so, shi ne kuma iyaye suka fi yi wa kallon yawon banza. Wata Asabar na kwashi yarana tara a Keke Napep biyu muka sauka Ƙofar Doka. Na ce kowa ya dubi abin da ya rage na ganuwa ya faɗa mini me ya sa mutane za su yi wannan wahala. Wani ya ce yaƙi. Daidai. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba, ta gyara hijabinta ta ce, "Malam, ai duk wanda ya iya tara mutanen da za su kwaɓa wannan ƙasar, ya iya sa su biyan haraji." Na yi shiru na ɗan lokaci. Abin da littafi ke ɓata shafi uku yana bayani a kan asalin hukuma, ta faɗe shi a numfashi ɗaya, tana tsaye kusa da mai rake.

Daga nan muka taka zuwa ƙofar fada, muka ga Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda har yau masu nazarin gine-gine ke zuwa kallon bakan gizonsa. A hanyar dawowa na nuna musu Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta zauna Kaduna, sannan ta tare a Zariya a 1949. Sardauna da Tafawa Ɓalewa sun yi ta tun tana Katsina, Gowon da Murtala kuma a nan Zariya. Ga kamfanin Gaskiya, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. In tambaya ta zo a kan rawar da jaridu da 'yan boko suka taka wajen neman 'yanci, ɗan Zariya da ya rasa misali ya yi abin kunya. Ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) tun 1962, wadda harabarta ta Kongo ta daɗe tana horar da ma'aikatan mulki.

Wani abin da ke ba yara mamaki shi ne sunan Abuja. Zazzagawan da suka bi Makau kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa musu gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnati ta zaɓi wurin sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Shi ya sa har gobe ake kiran sarkinsu Sarkin Zazzau na Suleja.

Koyi tambayar "wa ya faɗa?"

Ba a yin shekara wani bai tambaye ni ko Sarauniya Amina ta taɓa rayuwa da gaske ba. Tambaya ce mai kyau, kuma ita nake amfani da ita in koyar da madogarar tarihi. Akwai tarihin baka, na maroƙa da tsofaffi da jerin sunayen sarakuna. Akwai rubutacce: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a rubutunsa, tarihin sarakunan Kano ma ya ambace ta. Akwai kuma abin da ƙasa ta adana, irin kufan Turunku da na gindin dutsen Kufena. Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, jerin sarakunan Zazzau kuma ya kai gidansu, gidan Bakwa Turunku, ƙarni na 16. Aikin ɗalibi shi ne ya kawo duka biyun, ya faɗi wanda ya faɗa, ya tambayi shekara nawa ne tsakanin faruwar abu da rubuta shi. Haka za ka yi wa rahoton Razdan, domin shi ma yana da ubangidan da yake son burgewa. Haka kuma za ka yi wa saƙon da aka turo maka a WhatsApp.

Wa ke da alhakin kwatar unguwarku?

Darasin zama ɗan ƙasa ya fi sauƙi in ka fara daga ƙofar gida. Ɗauki abubuwa biyar da ke damun unguwarku ka nemo mai alhakin kowanne. Bola da kasuwa da tashar mota da maƙabarta, kundin tsarin mulki ya ɗora su a kan ƙaramar hukuma, kuma ka sani Zariya daban Sabon Gari daban, cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan da 774 na ƙasa. Soja da 'yan sanda da buga kuɗi da fasfo na tarayya ne ita kaɗai. Ilimi kuwa tarayya da jiha duk suna da hannu, shi ya sa ABU ta tarayya ce, yawancin sakandarenmu na jiha. Mai unguwa da dagaci da hakimi fa? Suna sasanta rigima, ana jin maganarsu, amma tun da aka rushe En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta zamanin Turawa, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga hannun sarakuna, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, kasafin kuɗi ba ya hannunsu. Sanata ma ba aikinsa ba ne haƙa rijiya, ko da yake mu muka maishe shi haka. Aikinsa doka, da kasafi, da sa ido a kan masu zartarwa. Su 109 ne a Majalisar Dattawa, wakilai 360.

Rabon iko tsakanin majalisa da masu zartarwa da kotu, kada ka je Amurka neman misali. A 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan Kaduna, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, aka yi ta ja-in-ja, a Yunin 1981 ta tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Gwamna na farko ke nan da aka tsige a ƙasar nan. Ko ka ga an yi adalci ko ba a yi ba, wannan muhawarar dattawan majalisar shayi ce. Abin da mai maki ke nema shi ne ka gane cewa a tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko ana zaɓen gwamna daban, majalisa daban, don haka suna iya fitowa daga jam'iyyu biyu. A jamhuriya ta farko, tsarin Firayim Minista, hakan ba ta faruwa, domin Firimiya daga cikin masu rinjaye a majalisa yake fitowa.

Haƙƙoƙin ɗan ƙasa kuwa suna Babi na Huɗu na kundin 1999. Sauke shi a wayarka ka karanta da kanka, bai fi zaman shan shayi ɗaya ba.

A zauren jarrabawa

Ni kaina na taɓa cin ƙasa a nan. A jarrabawar gwaji ta ajin ƙarshe an tambaye mu dalilai biyar da suka sa mulki ta hannun sarakuna ya yi nasara a Arewa. Na zage na cika shafi uku da labarin Lugga, zuwansa, yaƙe-yaƙensa, har matarsa da ta raɗa wa ƙasar suna. Na fito ina taƙama. Da takarda ta dawo, malaminmu ya ja jan biro daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe cewa labari ya yi daɗi, ina dalilan? Maki biyu na samu, su ma ina jin na tausayi ne.

Don haka ka ja layi a ƙarƙashin abu biyu kafin ka rubuta komai: kalmar umarni da adadi. In an ce lissafo, jimla ɗaya ta isa ga kowane batu. In an ce bayyana, kowane batu yana son abu uku, ka faɗe shi, ka ce ta yaya, ka kawo misali. In an ce kwatanta, kada ka gama da ɗaya sannan ka koma ɗayan, ka riƙa haɗa su batu bayan batu. An ce biyar, kawo biyar, kowanne a sakin layinsa, domin mai maki yana da tarin takardu a gabansa, ba zai tona rubutunka yana neman batu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura wata uku ka samo tambayoyin shekarun baya a wurin masu sayar da littattafai na Sabon Gari ko Samaru, ku haɗu ku uku, kowane mako ku zaɓi tambaya biyu. Ku ajiye agogo, minti ashirin ga kowace, littafi a rufe. In lokaci ya cika ku yi musayar takardu, kowa ya duba ta ɗan'uwansa da jan biro, kuma duk batun da aka kawo ba misali a ba shi rabin maki.