Yadda za ka yi amfani da "boycott" a jimlar Turanci

Kafin ka saka boycott a jimla, ka san cewa sunan mutum ne. Kyaftin Charles Boycott Baturen Ingila ne da ke karɓar kuɗin hayar gonaki a madadin wani mai filaye, Lord Erne, a yankin Mayo na ƙasar Ireland. A 1880 amfanin gona bai yi kyau ba. Manoma suka nemi a rage musu kashi 25 cikin ɗari na kuɗin haya, aka ce kashi 10 kawai za a rage, Boycott kuma ya shiga ƙoƙarin korar waɗanda suka kasa biya.

Sai jama'a suka juya masa baya gaba ɗaya. Leburori suka bar gonarsa, masu shago suka ƙi sayar masa da komai, ko wasiƙa aka daina kai masa. Sai da aka kawo mutum kusan 50 daga arewacin ƙasar, sojoji da 'yan sanda kimanin 1,000 suna gadinsu, sannan aka yi girbi. Shekarar ba ta ƙare ba, jaridu suka mai da sunansa aikatau.

Daga nan za ka gane wurin da kalmar ta dace: ƙaurace wa abu da gangan, yawanci a ƙungiyance, don a matsa wa wani lamba. Idan ka daina zuwa wurin mai shayin unguwarku don yana tsuga sukari, avoid ka yi, kada ka kumbura maganar. Amma da Najeriya da sauran ƙasashen Afirka da dama suka janye daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976, kan hulɗar wasanni tsakanin New Zealand da Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, wannan boycott ne sosai.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne from. Sai ka ga an rubuta "they boycotted from the election". Cire shi. Aikatau ɗin kai tsaye yake hawa kan abin da aka ƙaurace wa: "they boycotted the election". Idan suna kake so, to nan of ke shigowa: "a boycott of the election". Harafin t kuma biyu ne ko'ina, boycotted, boycotting, kuma wajen furuci gaɓar farko ake dannawa.

Kada ka haɗa shi da strike, wanda shi ne yajin aiki. Malaman jami'a su ne ke strike, tunda aikinsu suka ajiye. Ɗalibai kuwa idan suka ƙi shiga aji, "they boycotted lectures" za ka ce. Idan kuma gwamnati ce ta haramta shigo da kaya, ban ake cewa, domin doka ce ta hana, ba masu saye ne suka ƙi saye ba.