Yadda ake buga zane da katako irin na Hokusai, da kayan Kumasi

Hoton nan na ƙatuwar igiyar ruwa da ta tasar wa jirage uku, ga dutsen Fuji can baya ɗan ƙarami, da katako aka buga shi wajen 1831, lokacin Hokusai, ɗan Japan da ya zana shi, yana da kusan shekara 70. An haife shi a Edo, Tokyo ta yau, a 1760, kuma yana saurayi ya koyi sassaƙa katakon bugu kafin ya zama mai zane. Shi ya sa nake ce wa yaran shagona a Aboabo su fara sanin wuƙa.

Japanawa da icen ceri suke aiki. Kai je ka Ahwiaa, kusa da Kumasi, wurin masassaƙa, ka nemi icen sese, a goge maka shi sumul. Yi zanenka a takarda mara kauri, ka manna ta a kife a kan katakon, ka sassaƙe duk inda babu layi. Wannan katakon na layuka ne. Kowane launi kuma da nasa katakon.

Ɗan'uwa, a nan ka natsu. A kowane katako ka yanka gurbi biyu, ɗaya a kusurwa, ɗaya miƙaƙƙe a gefe. Su ne kento, inda bakin takarda zai riƙa zama. In gurbin wani katako ya kauce ko da kaurin farce ne, shuɗi zai hau kan fari, aikin ya lalace. Ni na fi daɗewa a kansu fiye da zanen kansa.

Kada ka sa fentin mai. Launin ruwa ake so, da ɗan garin shinkafa da aka dama kamar koko, ka baza su a kan katako da buroshi. Takardar da za ka buga a kai ta kwana cikin jarida mai laima. Da hunturu ka ƙara da leda, don iska na busar da ita nan da nan.

A Ntonso, kusa da Kumasi, hatimin ƙwarya ake dannawa a kan yadi a yi adon da ake kira adinkra. Nan kuwa katako ne a ƙasa, takarda a sama. Ka murza bayanta da ƙarfi, kana kewayawa. Japanawa suna da faifan murza mai rufin ɓawon gora, baren. Bayan cokalin katako ma ya isa. Bayan ka buga layuka, fara da launi mai haske, mai duhu ya zo daga baya.