Kurakuran da ke mayar da taron al'umma taron tsintsiya ba shara

Sau da yawa za ka ga mutane sun cika zaure maƙil, an yi awa uku ana magana, an tafa, an watse, amma ka tare mutum a bakin ƙofa ka tambaye shi me aka yanke, sai ya yi shiru. Irin wannan taron yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin wanda ya bar aikinsa ya zo ya koma hannu rabbana, da wuya ya sake amsa gayyata.

Kuskuren farko daga jera kujeru yake farawa. A kafa babban tebur, a zaunar da manyan baƙi, su yi ta jawabi, sai saura minti goma a ce "akwai mai tambaya?" Wannan lacca ce. Maimakon haka, a raba jama'a rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas, kowane rukuni da mai rubutu, a ba su tambaya ɗaya su tattauna, sannan a haɗu a ji abin da kowa ya fito da shi. Matar da ba za ta iya riƙe makirufo gaban mutum ɗari biyu ba, cikin mutum bakwai za ta buɗe baki, kuma galibi ita ce ta san inda takalmin ke matsa ƙafa.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne ɗaukar koke a matsayin nazari. Koke yana da muhimmanci, dole a bar mutane su amayar da abin da ke cikinsu. Amma idan an tsaya nan, an yi zaman makoki ne kawai. Mai jan ragamar taro ya riƙa dawo da jama'a kan tambayoyi uku: wa ke da ikon canza wannan abin, wa ke cin moriyar barinsa yadda yake, kuma me muke riƙe da shi wanda suke buƙata? Dubi birnin Montgomery na Amurka a 1955. Baƙaƙen fata sun daɗe suna kokawa da wulaƙancin da ake musu a motocin bas, amma abin da ya ba su ƙarfi shi ne gane cewa su ne mafi yawan fasinjoji. Suka ƙaurace wa motocin kwana 381, suna haɗuwa a coci-coci a kai a kai, suka tsara motocin sa-kai da za su kai mutane wurin aiki. Tarukan nan ne suka riƙe ƙauracewar.

Sai kuma shiga taro ba tare da an amince yadda za a yanke shawara ba. Wasu suna ganin cewa "ba mu da shugaba" ita ce cikakkiyar dimokuraɗiyya. A zahiri, inda babu ƙa'ida, mai babbar murya da mai lokacin zama har dare su ke mulki, ba tare da kowa ya zaɓe su ba. Masu zaman dirshan na Occupy, wato masu zanga-zangar adawa da giɓin da ke tsakanin masu kuɗi da talakawa, a birnin Niyok a 2011 sun dage sai kusan kowa ya yarda, tarukansu suka yi ta ja, har daga baya suka kafa majalisar wakilan rukunoni. A faɗa tun farko: za a nemi yardar kowa, idan ta gagara a kaɗa ƙuri'a, kuma ga adadin da ake buƙata. A ƙayyade wa mai magana minti biyu, a riƙa sauya mai jan ragama.

Lokaci da wuri ma suna tace mahalarta. Idan babu mai kula da yara, babu mai fassara, ko wurin ba ya shiguwa da keken guragu, an kori mutane tun kafin a fara. Kuma kada a ɗauki hoton kowa ko a yaɗa jerin sunaye sai da izininsa. Wani zai iya rasa aikinsa saboda haka.

Kafin a tashi, kowace shawara ta sami sunan mai ɗaukarta da ranar da zai kawo bayani. A Porto Alegre ta Brazil, inda aka fara shigar da talakawa cikin tsara kasafin kuɗin birni a 1989, tarukan unguwanni suna zaɓar wakilai da za su bi sawun abin da aka yanke. A karanta shawarwarin da ƙarfi kowa ya ji, a sa ranar taro na gaba, kuma abu na farko a ajandarsa ya zama tambayar waɗanda suka ɗauki aiki ina aka kwana.