Tallafin ɗabi'a da aikin kodineta a tsarin NDIS: abin da sabon zuwa Ostareliya ya kamata ya sani

Iyalin da suka sauka Ostareliya da yaro mai galahanga, ko babba mai tawayar fahimta, ko wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, ba sa daɗewa kafin likita ko malamar makaranta ta ce musu su nemi NDIS. Shi ne tsarin gwamnatin tarayya da ke biyan kuɗin hidimar masu buƙata ta musamman. An yi dokarsa a 2013, aka fara gwaji a wasu yankuna cikin Yulin shekarar, sai a 2020 ya game ƙasar baki ɗaya. Hukumar NDIA ce ke riƙe da shi.

Kafin komai, 'yan uwa, ku duba bizarku. NDIS na ɗan ƙasa ne da mai bizar zaman dindindin, sai wani rukuni na mutanen Niyu Zilan, kuma dole mai nema ya kasance ƙasa da shekara 65 a ranar da ya nema. Ɗalibi da mai bizar aiki ta wucin gadi ba sa ciki, haka 'ya'yansu. Haihuwa a Sidni ko Melbon ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa nan take sai idan ɗaya cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin. In ba haka ba, sai ya cika shekara 10 yana zaune a ƙasar. Wanda bizarsa ba ta kai ba ya kira Carer Gateway a 1800 422 737, layin da aka tanada domin masu kula da wani a gida, kuma ya nemi zama da makarantar yaron, don makaranta na da nata nauyin ko da babu NDIS.

Wanda ya cika sharuɗɗa ya kira 1800 800 110. Yaro ɗan ƙasa da shekara 9 ana haɗa shi da cibiyar ƙananan yara ta yankinsa, kuma idan bai kai 6 ba, jinkirin magana ko na tafiya da aka tabbatar ya isa a fara, ba sai an sa wa matsalar suna ba. Wanda ya kai 9 ko ya haura yana bi ta hannun jami'in yanki da ake kira LAC.

Ranar zama

Idan an karɓi mutum, za a zauna da ku a tsara masa shiri, wato takardar da ke ɗauke da burinsa da kuɗin da aka ware. A nan mutanenmu suka fi yin asara, kuma dalilin halin kirki ne. An tarbiyyantar da mu a kan kawaici. Aka tambayi uwa yaya yaro, sai ta ce alhamdulillahi, da sauƙi, alhali daren jiya sau huɗu ta tashi, ga shatin haƙori a damtsenta ta rufe da mayafi. Jami'in ba zai ɗaga mayafin ba. Abin da ya ji shi zai rubuta, kuma abin da ya rubuta shi za a auna kuɗi da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Godiya ga Allah na nan a wurinta, amma bayanta a faɗi yadda ranar wahala take: sau nawa a mako yake dukan kansa, minti nawa abin ke ɗauka, wa ya ji ciwo, sau nawa makaranta ta bugo waya a zo a ɗauke shi, ina da ina kuka daina zuwa saboda shi.

Ku tafi da rahoton likita da na makaranta. Ku nemi tafinta ta hannun TIS National a 131 450, ba ku ne za ku biya ba, kuma ku nema tun da kwanaki, ku ambaci duk harshen da kuke ji sosai, ko Faransanci ga 'yan Nijar da Kamaru, ko Larabci ga mutanen Sudan da Chadi. Kada ku ɗora wa ɗanku ɗan shekara goma sha biyu tafinta a kan ƙaninsa. Akwai maganar da uwa ba za ta iya faɗa a gabansa ba, ita ce kuwa aka fi buƙatar ji.

A wannan zaman ake neman kodineta da tallafin ɗabi'a da sunansu, don ba kowane shiri ake sa su ba.

Kodineta

Kodineta shi ne mai haɗa muku hidimomi. Ya karanta muku shirin, ya nemo masu aiki, ya daidaita lokutansu, ya zauna da makaranta ko asibiti idan da buƙata, ya rubuta wa NDIA rahoto kafin a sabunta shirin. Mataki uku ne. Na farko ɗan gajeren taimako ne na haɗa ku da masu hidima. Na biyu shi ne wanda aka fi bayarwa. Na uku na ƙwararre ne, don lamarin da ya cakuɗe, kamar inda asibiti da kotu da matsalar muhalli suka haɗu a kan mutum ɗaya. Hujjarku ta nema a fili take: sababbin zuwa ne ku, Turanci bai zauna ba, babu kaka ko gwaggo a kusa, ga masu hidima da yawa da za a haɗa.

Ku riƙa kallon kuɗin kodineta a matsayin awoyi. Mataki na biyu wajen dala 100 ne a awa. Idan a misali an ware dala 2,400 a shekara, awa 24 ke nan, biyu a wata, kuma kiran waya da saƙon imel da rubuta rahoto duk daga ciki ake cira. Doguwar gaisuwa a waya mai tambayar gida da gajiya ma lissafa ta ake yi. Ku tara tambayoyinku ku yi su lokaci guda, ku kuma roƙe shi ya ajiye awoyin rahoton ƙarshe tun farko.

Kodineta ba ya ƙara kuɗi a shiri, NDIA ce ke yi. Ba lauyanku ba ne kuma. Idan rikici da hukuma ya taso akwai ƙungiyoyin kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da ke yin wannan kyauta. Idan duk wanda kodineta ya kawo muku ɗan kamfaninsu ne, ku ce ya kawo zaɓi biyu ko uku daga waje. Haƙƙinku ne.

Masanin ɗabi'a da abin da yake nema

Tallafin ɗabi'a ba horo ba ne, ba kuma gyaran yaro mara ji ba ne. Tushensa shi ne cewa cizo da ihu da buga kai a bango da gudu kan titi duk saƙo ne daga wanda bai samu wata hanyar faɗa ba. Galibi ɗayan huɗu yake nema: a ba shi wani abu, a raba shi da wani abu, a kula shi, ko jikinsa ya samu wani irin motsi ko shiru. Akwai na biyar da ake yawan mantawa, wato ciwo. Yaron da ba ya magana ya fara dukan kumatunsa farat ɗaya, a fara kai shi a duba haƙori da kunne, a tambayi yaushe rabonsa da bayan gida. Taurin ciki kaɗai ya isa ya birkita gida.

Masanin da zai yi wannan aiki dole hukumar sa ido ta NDIS, wadda daban take da NDIA, ta tantance shi, kamfaninsa kuma ya zama mai rajista, ko da ku ne ke riƙe da kuɗin shirin da kanku. Ku tambaya kafin ku sa hannu. Jerin jira kan yi tsawo, don haka ku sa suna a wurare biyu ko uku.

Zai zo gida da makaranta ya yi kallo, ya yi tambayoyi. Gudummawarku mafi amfani ita ce ƙaramin littafi da biro a kan firij. Duk lokacin da abin ya faru, a rubuta rana da lokaci, me ake yi dab da farawa, me ya yi daidai, minti nawa ya ɗauka, me aka yi masa bayan nan. Kada a rubuta "ya yi rigima". A rubuta: Talata, 4:20, ya dawo makaranta, an ce ya cire takalmi, ya ciji bayan hannunsa, ya yi ihu minti bakwai, an miƙa masa waya, ya yi shiru. Mako biyu na irin wannan sai abin ya fito da kansa. Wataƙila duk ihun na tsakanin ƙarfe huɗu da biyar ne, cikinsa wayam, kuma kullum da waya yake ƙarewa. Ashe ya koyi cewa ihu ne kuɗin sayen waya.

Daga nan ake gina shirin ɗabi'a, kuma shiri mai kyau yana da sassa uku. A gyara abin da ke gaba: abinci na jiransa a mota, a jinkirta maganar takalmi minti goma. A koya masa hanyar da ta fi ihu sauƙi: kati mai hoton waya da zai miƙa, a ba shi nan take a kwanakin farko, daga baya a koya masa jira da agogo. Sai kuma a rubuta abin da kowa zai yi idan abin ya ɓarke duk da haka: wa zai janye ƙannen, wa zai tsaya, a rage magana, a kawar da abin da zai ji ciwo da shi.

Inda ake faɗuwa shi ne makon farko. Ranar da ihu ya daina kawo waya, zai ƙara ƙarfin ihun, kamar mai bugun ƙofar da ta saba buɗewa. Iyaye da yawa a nan suke cewa shirin ya ɓata yaro, su watsar. Mafi muni shi ne a daure minti tara, a na goma baba ya shigo ya ce ku ba shi mana ya yi shiru. An koya masa ke nan cewa sabon farashi minti goma ne. Dole uwa da uba da yayye da malama da ma'aikaci su bi hanya ɗaya, shi ya sa cikin kuɗin akwai awoyin horar da ku. Ku yi amfani da su, ku kuma ce a taƙaita muku shirin a shafi ɗaya da za a manna a bango, don mai shafi arba'in a aljihun tebur yake ƙarewa.

Ku shigar da rayuwarku cikin shirin. Idan burinku yaro ya riƙa zuwa Juma'a, a rubuta shi buri: abin toshe kunne saboda lasifika, sahun ƙarshe kusa da ƙofa, minti biyar a makon farko, a riƙa ƙarawa. A rubuta abincin halal, da sauyin lokacin barci a watan azumi, da cewa mace ce za ta yi wa budurwa wanka. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da wannan aiki. Sai dai duk wani jiƙo ko gari da aka aiko daga gida a nuna wa likita kafin a ba shi, kuma maganin farfaɗiya ba a yanke shi kwatsam, don yin hakan na iya jawo faɗuwa mai haɗari.

Kullewa, ɗaurewa da maganin barci

Dokokin 2018 sun ware abubuwa biyar da ake sa wa ido: keɓe mutum a ɗakin da ba zai iya fita ba, ba shi magani don a kwantar da ɗabi'arsa maimakon jinyar wata cuta, ɗaure shi da wani abu, danne shi da hannu, da hana shi kaiwa ga wani wuri ko kaya, kamar sa wa firij kwaɗo. Ma'aikaci ba zai yi ko ɗaya ba sai yana cikin shirin ɗabi'a, an amince da shi bisa ƙa'idar jihar, kuma da tsarin rage shi. Idan ya yi ba izini, wajibi ne kamfaninsa ya kai rahoto cikin kwanakin aiki biyar. Don haka idan kuka ce masa ya turo ƙofa ya sa sakata ya ƙi, ba raini ba ne.

Inda ake amfani da ɗayan waɗannan, doka ta ba masanin wata ɗaya ya fitar da shirin wucin gadi, wata shida ya fitar da cikakke, a kuma sake dubawa aƙalla duk wata 12. Idan a gida kun saba kulle ƙofa don kada yaro ya faɗa titi, ku faɗa masa tun zaman farko. Tsoron da ya sa kuka kulle gaskiya ne, aikinsa ya nemo hanyar da ta fi.

Bulala kuwa a ajiye ta. Malamai da likitoci da nas-nas doka ta tilasta musu sanar da hukumar kare yara idan suka ga alamar duka. A jihar da Sidni take, dukan yaro a kai ko a wuya, ko dukan da illarsa ta daɗe, ba ya cikin abin da doka ke yi wa iyaye uzuri.

Kuɗi da ƙorafi

Hanya uku ake riƙe kuɗin: da kanku, ta hannun manajan biya, wato wanda zai riƙa biyan masu hidima a madadinku, ko a hannun NDIA. Ga sabon zuwa manajan biya ya fi sauƙi, kuma kuɗinsa daban ake warewa. Ku ce ya riƙa turo muku lissafi kowane wata, ku gwada da kalandarku. Lokacin tafiyar ma'aikaci ana cajinsa, haka soke zama a makare, wani lokaci cikakken kuɗi. Kafin ku sa hannu a yarjejeniya ku nemo layuka biyu: kwana nawa ake sanarwa kafin soke zama, kwana nawa kafin rabuwa. Tun gyaran dokar Oktoban 2024 akwai jerin abin da aka halatta saya da kuɗin NDIS, don haka a tambaya kafin a saya. Kuma kada ku sa hannu a takardar awoyin da ba a yi ba, ko da ɗan gari ne ya roƙa. Zamba ce, kuma daga kason ɗanku ake cira.

Idan shirin ya fito babu kodineta ko babu tallafin ɗabi'a, kuna da wata uku ku nemi NDIA ta sake duba hukuncin, ku haɗa da littafin nan na kan firij da wasiƙar makaranta. Idan amsar ba ta gamsar ba, akwai kwana 28 na ɗaukaka ƙara zuwa kotun sake duba hukuncin hukumomi, wadda ta fara aiki a Oktoban 2024. Ƙorafi a kan ma'aikaci ko kamfani kuma hukumar sa ido ake kai wa, a 1800 035 544, kuma ana iya kiranta ta hannun tafinta.